Baƙin Ido da Tiyatar Hawan Jinin Ido

Zoben nan da muke kira baƙin ido, wanda a wasu al'ummu shuɗi ne ko kore, duk da ƙanƙantarsa Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanya masa tsoka iri biyu, ɗaya tana tsuke 'yar kafar da ke tsakiyarsa idan rana ta ƙwalle, ɗayar kuwa tana buɗe ta idan duhu ya shigo, ba tare da mai idon ya yi nufi ko ya sani ba.

A bayan wannan zobe akwai wata gaɓa da ke tsattsafo da ruwa garai-garai dare da rana domin ciyar da gaban ido. Ruwan yakan bi ta kafar ya fito, sa'an nan ya tsiyaye ta wata 'yar kusurwa, inda gindin zoben ya sadu da fatar nan mai sheƙi da ta rufe shi. Matuƙar shiga da fita sun daidaita, matsin cikin ido yakan tsaya tsakanin milimita 10 da 21 a ma'aunin zaiba. Amma idan mafitar ta cushe, kamar yadda kwata kan cushe da damina, sai ruwan ya taru ya danne jijiyar gani, tana mutuwa sannu a hankali, gani yana raguwa daga gefe. Wannan ita ce gilakoma, wadda jama'a ke kira hawan jinin ido.

Wani lokaci baƙin idon ne da kansa yake turowa gaba ya rufe kusurwar farat ɗaya, da azabar ciwo da amai. A kan wannan nau'i ne Albrecht von Graefe, likitan ido na birnin Balin, ya bayyana a 1857 cewa yanke ɗan yanki daga zoben yana buɗe wa ruwa hanya. A yau kuwa da hasken leza ake huda shi cikin 'yan mintoci.

Sai dai nau'in da ya fi addabar baƙar fata shi ne wanda kusurwar take a buɗe, amma matatar cikinta ta gaza, ga shi ba ciwo balle ya yi gargaɗi. Binciken makanta da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya sami cutar ga kimanin mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40, akasarinsu ba su ma san suna da ita ba. Idan maganin ɗigawa ya kasa, ko tsadarsa ta fi ƙarfin majiyyaci, akan koma ga aikin da wani likitan ido a Ingila mai suna Cairns ya wallafa a 1968, watau a haƙa wa ruwan sabuwar ƙofa ta farin ido, a ƙarƙashin fatar ido ta sama.

Abin da ke sosa mini rai shi ne mutanenmu sukan auna wannan aiki da na yanar ido, su zaci za a kwance bandeji gani ya dawo, alhali jijiyar da ta mutu babu tabibin da ke rayar da ita. Iyakar aikin ya tsare abin da ya saura. Ƙofar kuma tana iya toshewa da tabo, musamman ga baƙar fata, shi ya sa ake shafa maganin Mitomycin yayin aikin, ake kuma wajabta wa majiyyaci komawa awo har iyakar rayuwarsa.