Kwamfutar hannu ta daina magana? Ku bi waɗannan matakai kafin ku biya mai gyara

Ɗalibi ya zauna zai saurari darasi, ko ma'aikaci zai shiga taro ta intanet, hoto yana tafiya amma kwamfuta ta yi tsit. Abin da ya fara zuwa wa mutane shi ne lasifika ta ƙone, sai su nufi kasuwa wurin masu gyara. Alhali sau da yawa lasifikar lafiyarta lau: ko an toshe sautin, ko an karkatar da shi wani wuri. Dabara ita ce a yi bincike bi da bi, daga abin da ba ya cin ko dala zuwa abin da sai an buɗe na'urar.

Ku fara da maɓallin kashe sauti. Yana layin sama na allon rubutu, da hoton lasifika a kansa. A yawancin Dell da Lenovo ThinkPad F1 ne, a wasu kuma sai an haɗa da Fn. HP da dama suna kunna ƴar fitila a kan maɓallin idan sauti a kashe yake. Daga nan ku danna maɓallin dama na linzami a kan alamar lasifika da ke kusa da agogo, ku buɗe « Mélangeur de volume ». Kowace manhaja tana da nata ma'auni, don haka yana yiwuwa Chrome ko VLC kaɗai aka rufe wa baki.

Abu na biyu, ina sautin yake zuwa? Windows tana tura shi ƙofa ɗaya ce a lokaci guda. Idan an taɓa haɗa kwamfutar da talabijin ko majigi ta wayar HDMI, ko da wata lasifikar Bluetooth da ke kunne a ɗakin kusa, to can sautin zai iya tafiya. Ku shiga Paramètres, Système, Son, ku zaɓi « Haut-parleurs » a matsayin mafita, ku kashe Bluetooth, ku sake gwadawa.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne na ekuta, wato abin sauraro na kunne mai waya. Ku soka shi a ramin da ke gefen kwamfutar. Idan kun ji sauti, to ɓangaren da ke sarrafa sauti yana aiki, matsalar tana tsakanin ramin da lasifika. Ramin nan mai milimita 3,5 yana da ɗan makunni a ciki wanda ke sanar da na'urar cewa an soka ekuta, sai ta kashe lasifika. Ƙurar hunturu, irin wadda ke rufe Damagaram da Tawa, tana iya maƙale makunnin, kwamfuta ta ci gaba da zaton ekuta na ciki. Ku soka ku cire sau da yawa a hankali, ku hura iska busasshiya. Kada a tura allura ko a zuba ruwa.

Idan ko a ekutar ba a ji komai ba, zargi ya koma kan direban sauti, wanda Faransanci ke kira pilote, wato ƴar manhajar da ke haɗa Windows da ɓangaren sauti. Wannan ya zama ruwan dare a kwamfutocin okaziyo da aka sake sa musu Windows kafin a sayar. Ku buɗe « Gestionnaire de périphériques », ku duba ƙarƙashin « Contrôleurs audio, vidéo et jeu ». Sunan da aka fi gani shi ne Realtek. Alamar rawaya a kansa tana nufin akwai matsala. Ku zaɓi « Désinstaller l'appareil », ku kashe kwamfutar ku kunna, Windows za ta sake ɗora shi da kanta. In bai yi ba, ku sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, da lambar samfurin da ke rubuce a ƙasanta. Ku guji shafukan da ke alkawarin gyara direbobi kyauta, domin ta nan ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shigowa. Idan kuwa sautin ya ɓace ne bayan sabunta Windows, « Restaurer le pilote » yana maido da tsohon.

Sai an bi duk wannan ne ya kamata a nemi mai gyara. Alamu biyu ne ke nuna lalacewa ta gaske. Na farko, lasifika ta daɗe tana karkarwa ko ƙara-ƙara kafin ta yi shiru, abin da ke nuna fatarta ta yage. Na biyu, sautin ya ɗauke bayan an buɗe kwamfutar don sauya batir ko share fanka, domin ƴar siririyar wayar lasifika tana saurin zarewa daga mazauninta, mayar da ita kuma aikin ƴan mintoci ne.

Kafin ku miƙa na'urar, ku kwafe takardunku da hotunanku a kile USB. Ku faɗa wa mai gyara gwajin da kuka yi da abin da kuka gani. Idan ya ce sai an sauya babban allon cikin kwamfutar alhali ekuta tana ba da sauti, ku nemi ra'ayin wani kafin ku fitar da kuɗi.