Ranar da Na Gyara wa Ɗalibina "Bazan"

Shekaru kaɗan da suka wuce, ana saura kwana uku ɗalibaina na ajin ƙarshe su miƙa babi na biyu na kundin bincikensu, ɗaya daga cikinsu ya aiko mini da saƙon imel. Ya rubuta cewa: "Malam, ina neman afuwa, bazan iya kawo aikin ranar Litinin ba. Mahaifiyata tana akwance a asibiti, kuma nine nake kwana wurinta." Abin da idona ya fara gani shi ne kurakurai uku: an haɗe "ba zan", an haɗe "a kwance", an haɗe "ni ne". Na zauna na jero su tare da bayanin ƙa'idar raba kalmomi, sannan na ƙara adiresoshin sauran 'yan ajin, don a ganina darasi ne da kowa zai amfana da shi. Sai a layin ƙarshe na ce Allah ya ba ta lafiya, kuma na ƙara masa mako guda.

Ya amsa da godiya, amma da Turanci. Daga ranar bai sake rubuto mini da Hausa ba, alhali Hausar nake koyar da shi. Bayan ya kare kundinsa na tambaye shi dalili. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Ranka ya daɗe, idan na yi kuskure a Turanci ba na jin kunya, ai ba harshena ba ne."

Gyaran da na yi masa daidai ne a ƙa'ida, kuma har gobe ba zan karɓi "bazan" a kundin digiri ba. Sai dai imel ɗin nan ba kundi ba ne. Wasiƙa ce ta mutumin da ya kwana a bakin gadon mara lafiya, ya latsa ta da babban yatsa a kan wayar hannu. Ya kawo mini damuwarsa, ni kuma na mayar da ita allon darasi, har na bayyana wa abokansa halin gidansu ba tare da izininsa ba.

Mu da muke ɗaga jijiyar wuya kan ƙa'idojin rubutu mukan manta cewa su kansu ƙa'idojin ba a rana ɗaya suka tsaya ba. A 1912 Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da dokokinsa na rubutun boko. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka samu gindin zama, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ta taimaka wajen yaɗa su. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taron Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Duk da haka, har yau mutumin Kano yana rubuta "'ya'ya", takwaransa na Damagaram yana rubuta "ƴaƴa", kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu.

Ga kuma matsalar na'ura. An gina imel ne a kan tsarin ASCII mai alamomi 128, wanda babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya a cikinsa. Waɗanda suka yi aiki da kwamfuta kafin Unicode ya bazu za su tuna yadda takarda ke isa hannun wanda ba shi da irin fon ɗinka, "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaki" ya koma "]aki". Mutane da yawa a lokacin ne suka haƙura da ƙugiya gaba ɗaya. Yanzu ana iya sa allon rubutun Hausa a waya, amma ba kowa ya san da haka ba, kuma waya mai gyara kalma da kanta takan mayar da Hausa wani abin da ba Hausa ba. Saboda haka wanda ya rubuto maka "kasa" a maimakon "ƙasa" ba lalle ne jahili ba. Wataƙila ma bai taɓa samun malamin da ya koya masa rubutun harshensa ba, wanda laifin namu ne fiye da nasa.

Ba ina cewa a bar gyara ba ne. Akwai inda shiru yake zama cin amana. Idan abokin aikinka ya turo maka daftarin takardar gayyata da za a buga, ka ga ya rubuta "manyan baki" a wurin "manyan baƙi", ka bar shi har aka raba, ba ka kyauta masa ba. Haka nan kuskure a sunan mutum, ko ranar taro, ko adadin kuɗi, ko lambar ɗakin jarrabawa. Irin wannan ana gyara shi nan take, kuma idan saƙon ya riga ya isa ga jama'a, to a sanar da mai shi tukuna, a ba shi damar fitar da gyaran da hannunsa. Tambayar da nake yi wa kaina yanzu kafin in taɓa komai ita ce: kuskuren nan zai cutar da wani, ko dai idona kawai ya sosa? Idan na fahimci abin da ake nufi, kuma saƙon ba zai wuce tsakaninmu ba, nakan bar shi.

Idan kuwa gyaran ya zama dole, inda ake yin sa shi ne rabin ladabinsa. Maɓallin nan na amsa wa kowa da kowa shi ne ya fi komai ɓarna. Tun muna makarantar allo muka san bambancin malamin da zai matso kusa ya nuna maka wasalin da ka tsallake, da wanda zai ɗaga allonka sama kowa ya gani. A ofis abin ya fi muni, domin imel ba ya gogewa. Ƙaramin ma'aikacin da aka gyara wa rubutu a gaban shugabansa zai ci gaba da ganin saƙon duk lokacin da ya buɗe akwatinsa. Na taɓa ganin muhawara kan kasafin kuɗin wani kwamiti ta watse saboda wani ya rasa hujja, sai ya koma kan yadda abokin hamayyarsa ya rubuta "shawara". Aka shafe yini ana musayar saƙonni, ba a sake ambaton kuɗin ba.

Masu aikin ɗab'i suna da wata barkwanci da editan nan na Ostareliya, John Bangsund, ya ba wa suna a 1992, wai duk wanda ya rubuta suka kan kuskuren wani, to a cikin sukar tasa za a tarar da kuskure. Na yi dariya da na fara jin ta, har sai da na koma na karanta saƙon da na aika wa ɗalibin nan. A layi na biyu na rubuta "kaidar" babu ƙugiya, babu alhamza. Cikin 'yan ajin babu wanda ya ce mini uffan. Laifi tudu ne, in ji Hausawa.

Yanzu idan ɗalibi ya rubuto, buƙatarsa nake fara amsawa. A cikin amsar nakan yi amfani da kalmar da ya ɓata a rubuce daidai, mai lura ya lura. Idan kuskuren yana maimaituwa, nakan jira mu haɗu a ofis, ko in aika masa shi kaɗai da yadda zai sa haruffan Hausa a wayarsa. Jan biro kuma na ajiye shi don kundi da takardar jarrabawa.

Wancan ɗalibin yana koyarwa a wata sakandare yanzu. Yakan gaishe ni da Sallah, kuma har bana da Turanci ya aiko.