Shin Hoton Asibiti Yana Ƙone Haihuwar Namiji?

Idan ɗan acaɓa ya faɗi a hanyar Kagoro ko ta Kwoi, aka garzaya da shi babban asibitin Kafanchan, likita ya ce a ɗauki hoton ƙugu, ba wuya wani daga dangi ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa hoton nan yana ƙone haihuwa. Tsoron yana da tushe. Tun a 1903 wani likitan Jamus, Albers-Schönberg, ya nuna cewa hasken eksire yana hana mazan zomaye haihuwa. Maraina na cikin sassan jikin da hasken ya fi saurin taɓawa, domin ƙwayoyin da ke samar da maniyyi kullum cikin rabuwa suke, kuma ƙwaya mai rabuwa ita ta fi rauni. Sai dai magana ce ta adadi, kuma a nan ne raɗe-raɗin ya kauce hanya.

Ana auna hasken da jiki ya sha da ma'aunin miligire. Hukumar duniya mai ba da shawara kan kariya daga irin wannan haske, ICRP, ta ƙiyasta cewa sai maraina sun sha kimanin miligire 100 zuwa 150 a lokaci guda kafin haihuwa ta tsaya na ɗan wani lokaci, yankewarta har abada kuwa sai an kai 3,500 zuwa 6,000. Hoton ƙirji, wanda ake ɗauka don gano tarin fuka, abin da yake kai wa maraina bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na miligire ɗaya ba. Hoton ƙugu yana kai wa kusan miligire ɗaya ko biyu. Na'urar CT, wadda ta fi su ƙarfi, kuma sau da yawa ake tura mutanenmu Jos ko Kaduna dominta, tana iya kai wa goma zuwa ashirin da ɗoriya idan mara aka duba. Ko ita ɗin ba ta kusanci iyakar ba. Sikanin da ake shafa mai a fata, da na'urar MRI, ba sa amfani da wannan haske sam. Na farko da sauti yake aiki, na biyu da maganaɗisu. Inda haɗarin yake da gaske shi ne gashin cutar daji, irin wanda ake yi a asibitin koyarwa na Shika, domin can ana ba da dubban miligire da gangan, kuma wajibi ne saurayi ya tambayi makomar haihuwarsa kafin a fara.

Wani zai ce ai kaɗan-kaɗan ke taruwa, kuma injinan asibitocinmu sun tsufa. Wannan ƙorafi ne mai nauyi. Injin da ba a daidaita shi ba yana iya ba da haske fiye da kima, hoton da bai fito ba kuma sai an sake. Shi ya sa akwai hukumar NNRA mai ba da lasisin injinan, da hukumar rajistar masu ɗaukar hoto, kuma majiyyaci na da damar tambayar ko wurin yana da lasisi, ya kuma riƙe tsohon hotonsa don kada a maimaita a banza. Amma ko an ninka hasken hoton ƙugu sau goma, tazarar tana nan. Maraina kuma suna sabunta maniyyi cikin kimanin kwana 74, saboda haka ƙaramin lahani yana gushewa. Game da nakasar 'ya'yan da za a haifa, an shafe shekaru ana bibiyar 'ya'yan waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima da Nagasaki, ba a ga ƙaruwar cutar gado ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙungiyar masana kimiyyar asibiti ta Amurka ta ba da shawara a 2019 cewa a daina ɗora garkuwar dalma a kan mara lokacin ɗaukar hoto, ga shi kuma takan rufe abin da likita ke nema har a sake hoton.

Abin da ya fi damuna shi ne asarar da tsoron ke jawowa. Mai karaya ya guje wa hoto ya tafi wurin maɗori, ƙashi ya haɗe a karkace. Mai tari ya ƙi hoton ƙirji, ya ci gaba da shafa wa iyalinsa. Magidancin da ya shekara biyar ba haihuwa kuma ya ɗora laifin a kan hoton da aka yi masa yana yaro, ko a kan matarsa, alhali ciwon sanyin da ba a yi maganinsa sosai ba, da hangum bayan balaga, da kumburin jijiyoyin maraina, da taba, sun fi kusa da zama sanadi. Gwajin maniyyi, da sikanin maraina idan likita ya buƙata, su ne za su nuna masa inda matsalar take.