Motarka na da layin waya: wa kuma ke iya ba ta umarni?

Duk wanda ya san harkar tasi da Bolt a Nima da Maamobi ya san tiraka. 'Yar na'ura ce mai layin waya a ciki, mai mota kan saka ta kafin ya miƙa wa direba makulli. Tana nuna inda motar take, wata ma da saƙon tes ɗaya za ka kashe injin kana zaune a gida. Ni malamin makaranta ne, kuma iyayen ɗalibaina da yawa da mota suke ciyar da gida, shi ya sa nake tambaya: ban da kai, wa zai iya tura wannan saƙon?

A 2015, a Amurka, masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, sun kutsa cikin wata Jeep Cherokee ta intanet tana tafiya a kan babban titi, suka tsayar da ita. Hanyar sadarwar motar a buɗe take, ba mai tambayar wane ne ya shigo. Kamfanin Fiat Chrysler ya janye motoci miliyan 1.4 don gyara, kamfanin waya na Sprint kuma ya toshe ƙofar. A 2022 kamfanin BitSight ya gano tirakar MiCODUS MV720 tana zuwa da lambar sirri 123456, kuma ɗan kutse na iya yanke wa mota mai daga nesa.

Maganin shi ne tantance mai shiga, kamar yadda baƙo ke sallama a ƙofa. Kowace na'ura sai ta nuna shaidarta kafin a saurare ta, in an karɓe ta kuma akwai iyakar inda za ta taka. Rediyon mota ba ruwansa da birki. Haka ma sababbin motocin da ke aika wa juna gargaɗin cewa na gaba ya taka birki: kowane saƙo sai da sa hannun lantarki, don kada na ƙarya ya jawo haɗari.

Namu rabon mai sauƙi ne, 'yan uwa. Canza lambar sirri ranar da aka saka tirakar. Tambayi wanda ya saka ta ko har yanzu yana iya shiga. Layin ya zama da Ghana Card ɗinka aka yi masa rajista. In kun rabu da direba, sake canza lambar. In ka ga alamar kutse, kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana.