PawSox: Abubuwan mamaki shida daga ƙungiyar ƙaramin gari

Pawtucket ƙaramin birni ne a jihar Rhode Island ta Amurka. Ƙungiyarsa ta wasan besbol, wadda ake kira PawSox, rainon 'yan wasa ta yi wa babbar ƙungiyar Boston Red Sox daga 1970 zuwa 2020. Amma duk ƙanƙantarta, ta kafa tarihin da manya ba su kafa ba.

1. Wasa ya ƙi ƙarewa. A ƙa'ida zagaye 9 ake yi, idan aka yi kunnen doki sai a ƙara har a sami gwani. Daren 18 ga Afrilu 1981, PawSox ta karɓi baƙuncin Rochester Red Wings, aka yi ta bugawa har zagaye 32. Da ƙyar aka samu shugaban gasar a waya, ya ce a dakata, aka tsaya bayan ƙarfe 4 na asuba ta gota. Ci 2 da 2 ne.

2. Sanyi ya ci mutane. Da iska ta matsa, 'yan wasa suka riƙa tara karyayyun sandunan bugu a cikin durom suna cinna wuta suna jin ɗumi. 'Yan kallo kuwa suka zame ɗaya bayan ɗaya, har saura mutum 19.

3. Ƙarshen ya zo kamar wasa. Ranar 23 ga Yuni aka dawo, lokacin 'yan wasan babbar gasa suna yajin aiki, don haka 'yan jarida suka yi dafifi, 'yan kallo sun haura 5,700. Cikin minti 18 komai ya ƙare: Dave Koza na PawSox ya buga, PawSox ta ci 3 da 2. Jimilla zagaye 33, awa 8 da minti 25. Har gobe ba a karya wannan tarihi ba.

4. Ashe da taurari a ciki. Wade Boggs na PawSox da Cal Ripken Jr. na Rochester duk sun buga a daren, kuma daga baya duka biyun sun shiga zauren gwarzayen besbol.

5. Kamun kifi babu kogi. A McCoy, filin wasan PawSox a lokacin, wanda aka kammala a 1942 kan fadama, kujerun kallo sun ɗara mazaunin 'yan wasa tsayi. A wancan zamani, yaro mai son sa hannun gwaninsa sai ya yanke jarkar madara, ya sa ƙwallo da biro, ya zura da igiya, ya jira a ja.

6. Tafiya ba sallama. Ben Mondor ya ceto ƙungiyar daga durƙushewa a 1977. Bayan rasuwarsa aka sayar da ita, sababbin masu ita suka yanke shawarar komawa birnin Worcester. Kakar bankwana ta 2020 kuma annobar korona ta cinye ta, mutanen Pawtucket ba su samu ko wasa ɗaya na ban kwana ba.