Horon Ciki da Yunwa: Me Ya Sa Ƙiba Take Dawowa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar wata masana'anta a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai da tsakar rana ya san yadda wurin yake cika da masu sayar da abinci. Ga mai garau-garau, ga mai ɗanwake, ga mai gurasa da mai awara, ga kuma mai shayi yana soya ƙwai da taliya. A cikin ma'aikatan da ke fitowa hutu ba a rasa wanda zai koma gefe da ledar ruwa kawai, idan aka ce masa bisimilla ya ce a'a, shi yana rage tumbi ne. Bayan mako uku za a ga wandonsa ya yi masa yawa, abokan aiki suna yi masa barka. Bayan wata shida kuwa, sau da yawa, sai a ga tumbin ya dawo, wani lokaci har da ƙari. Shi da kansa zai ce rashin haƙurinsa ne ya jawo. Binciken kimiyya na kusan shekaru 80 ya nuna cewa maganar ta wuce haka.

Wajibi ne mu faɗi tun farko cewa leburori da yawa a waɗannan unguwanni damuwarsu ita ce samun abin da zai ƙosar da iyali, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a 2023. Sai dai a masana'anta ɗaya ake samun mai fama da ƙarancin abinci da mai fama da ƙiba: direban da ke yini a zaune, da akawu, da mai gadi, da mai kula da inji wanda motsinsa bai wuce danna maɓalli ba. Ƙiba mai yawa tana buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa, don haka wanda ya damu da ita yana da hujja. Hanyar da yawanci ake bi ce take da gyara.

Abin da aka gani a Minnesota

A watan Nuwamba na 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani mai suna Ancel Keys na Jami'ar Minnesota a Amurka ya tara samari 36 masu ƙoshin lafiya, waɗanda suka amince a gwada yunwa a kansu domin a san yadda za a farfaɗo da mutanen Turai da yaƙi ya galabaitar. An fara ba su kimanin kalori 3,200 a kullum na tsawon makonni 12. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Daga nan aka rage zuwa kimanin 1,570 na tsawon makonni 24, suna kuma tafiyar ƙasa ta kusan kilomita 35 a kowane mako.

Samarin sun rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Ƙarfin da jikinsu ke ƙonewa a lokacin hutu ya ragu da kimanin kashi 40 cikin ɗari, bugun zuciya ya yi sanyi, suna jin ɗari ko da ana zafi. Halinsu ma ya canza. Hirarsu da tunaninsu suka koma kan abinci, wasu suka shiga tara littattafan girke-girke, wasu suna lashe kwano, fushi da baƙin ciki suka yi yawa. Da aka sake musu mara, da dama suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa ba tare da sun ji sun ƙoshi ba, har kitsen jikinsu ya haura yadda yake kafin gwajin. An buga sakamakon a 1950. Waɗannan mutane ne da suka sa kansu cikin wahala da niyya mai ƙarfi, amma jiki ya rinjayi niyyar.

Yadda jiki yake kare kansa

Jikin ɗan Adam ba ya bambance fari da horon da mutum ya ɗora wa kansa. Kakanninmu a ƙasar Hausa sun sha ganin shekarun yunwa, kuma dabarar da ke ceton rai a irin wannan hali ita ce tsimi. Idan abinci ya ragu ƙwarai, jiki yakan yi abin da magidanci mai hankali yake yi idan rumbu ya yi ƙasa: ya rage awo, ya kuma matsa wa kowa a fita nema.

Da farko dai, raguwar da ake gani a sikeli a makon farko yawancinta ruwa ne. Hanta da tsoka suna ajiye sukari, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da kimanin giram 3 na ruwa. Idan aka cinye ajiyar, ruwan ya fita, da an koma cin tuwo kuma ya dawo. Na biyu, yunwa mai tsanani tana cin tsoka tare da kitse, ga shi tsoka ta fi kitse ƙone abinci. Na uku, akwai wasu sinadarai da ake kira homon, waɗanda suke kamar 'yan aike tsakanin sassan jiki da ƙwaƙwalwa. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller suka gano leptin, wanda kitse ke fitarwa don ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. A 1999 masana a Japan, Masayasu Kojima da Kenji Kangawa da abokansu, suka gano girelin, wanda tumbi ke fitarwa don tayar da yunwa. Idan mutum ya rame da sauri, leptin yakan faɗi, girelin ya hau.

Wannan canji ba ya wucewa da wuri. A 2011 masana a birnin Melbourne na Ostireliya suka buga binciken da suka fara da mutum 50 masu ƙiba, waɗanda aka ɗora kan abinci ɗan kaɗan na makonni 10. Waɗanda suka kammala sun rasa kilo 13 da rabi a matsakaici, amma shekara guda bayan haka 'yan aiken yunwa ba su koma daidai ba, mutanen kuma sun fi jin yunwa a kan lokacin da ba su fara ba. A 2016 Kevin Hall na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka ya auna mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin. Shekaru 6 bayan gasar, 13 daga cikinsu nauyi ya dawo musu, kaɗan ko da yawa, jikinsu kuma yana ƙone kimanin kalori 500 ƙasa da abin da ya dace da girmansu a kowace rana. Tun a 2007 Traci Mann da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka duba bincike 31 na dogon lokaci, suka ga cewa tsakanin sulusi ɗaya da sulusi biyu na masu horon ciki sukan mayar da fiye da abin da suka rasa.

Tarkon hani

Bayan jiki akwai zuciya. A 1975 Peter Herman da Deborah Mack suka yi wani gwaji da ɗalibai mata a Amurka. An ba wasu madara mai zaƙi su sha, wasu ba a ba su ba, sannan aka ce kowa ta ɗanɗana askirim iya son ranta. Waɗanda ba sa takura wa kansu, da suka sha madarar sai suka ci kaɗan, domin ciki ya ɗauka. Masu horon ciki kuwa, da suka sha madarar sai suka fi ci. Tunaninsu shi ne, tun da an riga an karya doka, a ƙarasa kawai, gobe a sake sabon lale. Haka abin yake zagayawa: hani, sai kwaɗayi, sai ci fiye da kima, sai nadama, sai wani hanin da ya fi na farko tsanani.

Rayuwar masana'anta

Ma'aikacin da ke aikin dare yana da ƙarin nauyi a kansa. A 2004 masana a Jami'ar Chicago suka taƙaita barcin samari 12 zuwa awa 4 na dare biyu, sai leptin ya ragu da kashi 18 cikin ɗari, girelin ya ƙaru da kashi 28, sha'awarsu kuma ta karkata ga kayan zaƙi da na fulawa. Wanda ya kwana a gaban inji, ya ƙi karya kumallo, ya isa teburin mai shayi da yamma, da wuya ya tsaya a kan biredi rabi. Bugu da ƙari, jiri a kusa da injin da ke juyawa, ko a majemar fatu ta Challawa inda ake aiki da sinadarai, ko a bayan sitiyarin babbar mota a zafin watan Afrilu, haɗari ne ga rai. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abincin gari ma ya canza. Tun shekarun 1970 kamfanin Northern Nigeria Flour Mills yake niƙa a Bompai, akwai kuma masana'antar lemon kwalba a Challawa, sun samar da aiki da sauƙin abinci ga jama'a masu yawa. Amma ya kamata a san cewa lemo mai zaƙi da dama yana ɗauke da kimanin giram 10 na sukari a kowace mililita 100, wato babbar roba mai rabin lita ta kai kusan ƙaramin cokali 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, kimanin giram 50 ke nan ga babban mutum, rabin haka kuma ya fi. Abin sha ba ya ƙosarwa kamar abin taunawa, don haka yakan shige ba a lissafa da shi ba.

Akwai kuma masu tallar shayin rage tumbi. Yawancin irin wannan shayi maganin gudawa ne, kamar ganyen filasko, ko mai sa fitsari, abin da yake fitarwa ruwa ne da gishirin jiki, kitse yana nan. An sha samun wasu kayan rage ƙiba a ƙasashe daban-daban da aka cakuɗa da sibutramin, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda illarsa ga zuciya. Wannan ɗan'uwan sha-ka-fashe ne da wasu mata ke sha don neman ƙiba: kowannensu tilasta wa jiki ne da ƙwaya.

Sulhu da abinci

To, mene ne abin yi? Na farko, a ci a kan lokaci. Kumallo na koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa, ko ɗumame, yana hana yunwar da ke kai mutum ga haɗama da dare. Mai aikin dare ya ci babban abincinsa kafin ya shiga aiki, ya riƙe gyaɗa ko dafaffen ƙwai don tsakar dare, ya kuma kare lokacin barcinsa da rana.

Na biyu, a fara da ƙari kafin ragi. A yawaita wake a garau-garau, a ƙara zogale da rama da alayyahu da kabewa da kuɓewa. Gero da dawa da ba a surfe su ƙwarai ba sun fi farar fulawa daɗewa a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a ci akalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, gishiri kuma ƙasa da giram 5, a tuna cewa dunƙulen ɗanɗano ma gishiri ne. Idan za a rage wani abu, a fara da sukarin shayi da lemo, cokali-cokali.

Na uku, a daina raba abinci zuwa na kirki da na laifi. Wanda ya ci cincin a wurin biki bai ɓata komai ba, ya ci abincinsa na gaba yadda ya saba. A zauna a ci a natse, domin saƙon ƙoshi yana ɗaukar mintuna kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Koyarwar addini ta raba ciki uku, ga abinci, ga ruwa, ga numfashi, ta dace da wannan. Azumin Ramadan kuwa ibada ce mai sahur da buɗa-baki da iyakar kwanaki, kuma bincike ya nuna ɗan nauyin da ake rasawa a cikinsa yakan dawo cikin makonni bayan Salla, don haka ba hujja ba ce ga mai hana kansa abinci duk shekara.

Na huɗu, a rage buri. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002, a kan mutum sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, ya nuna cewa waɗanda aka koya wa gyaran ci da tafiya ta minti 150 a mako, da burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu kawai, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, kimanin kilo 6 ke nan. Hawa keke zuwa wurin aiki, ko sauka daga adaidaita-sahu tun kafin a isa ƙofa, duk suna cikin lissafi.

Wanda yake shan maganin ciwon sukari ko yin allurar insulin, da mai juna biyu, da mai shayarwa, kada su rage abinci sai da shawarar likita, domin sukarin jini yana iya faɗuwa har mutum ya suma. Haka nan wanda ya ga yana tilasta wa kansa amai bayan cin abinci, ko yana ɓoyewa ya ci har ya rasa yadda zai tsaya, ko tsoron ƙiba ya hana shi ci duk da ya rame, ya sani wannan cuta ce mai magani, ba abin kunya ba. Ya nemi likita a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Murtala, ko asibitin da ya fi kusa da shi.

Ga shugabannin masana'antu kuma, hutun cin abinci na sosai, da ruwan sha mai tsabta, da awon hawan jini da sukari lokaci-lokaci, sun fi arha a kan jinyar ma'aikaci ɗaya. Shi kuwa malamin da ya koma gefe da ledar ruwa, gobe idan aka ce masa bisimilla ya wanke hannu ya matso, ya ce wa mai abinci ta ƙara wake da ganye. Sannu-sannu ba ta hana zuwa.