Shago ko Ebola, Foreman ko Tyson: hannun wa ya fi nauyi?

Da zarar an gama girbi, an kai hatsi rumbu, ƙauyukan da ke tsakanin Yekuwa, Magarya da Dungas kan koma ga wata gardama da ba ta tsufa. Lokacin kalangu ne, lokacin da masu shirin ci-rani zuwa Kano ko Abuja ke jiran a sayar da wake da riɗi kafin su kama hanya, kowa yana da sararin zama. Tambayar ita ce: tsakanin ƴan damben da da na yanzu, hannun wa ya fi nauyi? Dattawa na cewa an gama maza tun zamanin Shago da Ɗandunawa. Samari kuwa su zaro salula, su nuna kisan Abdurrazak Ebola na Kudu ko na Garkuwan Cindo Guramada, su ce: «Baba, ka yi haƙuri, gani ya kori ji.» In hira ta yi nisa sai ta tsallaka teku, a shigo da George Foreman da Mike Tyson, wanda yaran gidajen bidiyo na shekarun 1990 suka raɗa wa Taisin.

A fagen dambenmu wannan shari'a ba ta da alƙali, kuma dalilin a fili yake. Damben gargajiya bai tashi da sikeli ba, bai tashi da magatakarda ba. Ana naɗe hannu ɗaya da kara da zare, shi ne mashi, ɗayan a buɗe, shi ne garkuwa. A yi turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Ido ne ke haɗa sa'o'i, ba kilo ba. Yawancin masu rantsuwa da Shago a yau ba su taɓa ganinsa a fage ba: ta bakin Ɗan Anace suka san shi, a rediyo da kaset. To amma aikin mawaƙi shi ne ya kambama gwaninsa, ba wanda ya ɗauke shi ya ƙidaya kisa ko ya auna damtse. Abin da ƴan dambe suka riƙe na siffar jiki yana cikin sunayensu ne kawai: Dogon wane, Bahagon wane, Autan wane.

Saboda haka sai mu ari littafin maƙwabta. Masu damben zamani sun fi shekara 100 suna auna ƴan wasansu kafin kowane faɗa, suna rubuta sakamako. Abin da littafinsu ya nuna zai taimaka mana mu fahimci namu.

Abin da sikeli ya faɗa

Ranar 4 ga Yuli 1919, a garin Toledo na Amurka, Jack Dempsey ya hau sikeli da kilo 85. Abokin karawarsa, Jess Willard, mai riƙe da kambin duniya, yana da kilo 111 da tsawon kusan mita 2. Cikin turmin farko kaɗai Dempsey ya kai shi ƙasa sau 7, bayan turmi na 3 Willard bai sake fitowa ba. Rocky Marciano, wanda ya ajiye dambe a 1956 da nasara 49, 43 daga ciki da kisa, ba tare da an taɓa cinsa ba, shi ma nauyinsa bai wuce na Dempsey ba. A ƙa'idar yau sai mutum ya haura kilo 90 ake sa shi a ajin manya. Ma'ana, da waɗannan mutum biyu za su dawo, ƙofar ajin da suka mallaka ma ba za a buɗe musu ba.

Samari na da gaskiya a nan: mutanen fage sun ƙara girma. A Kinshasa, ranar 30 ga Oktoba 1974, Foreman da duniya ke kallo a matsayin dodo kilo 100 gare shi, Muhammad Ali kuma 98. Shekara 50 bayan haka, a watan Mayu na 2024, Tyson Fury ya shiga fage a Riyad da kilo 119, aka riƙa kiran Oleksandr Usyk mai kilo 101 «ƙaramin». Ƙaramin ne ya ci.

Amma girman jiki daban, nauyin hannu daban. A Disamba 2018, Deontay Wilder, dogo mai ƙafafu kamar na zalɓe, ya fuskanci Fury da kilo 96, shi kuwa Fury yana da 116. Wanda aka fi da kilo 20 shi ne ya shimfiɗe ɗan'uwansa sau 2, kuma faɗuwar turmi na 12 har yau masu kallo na mamakin yadda Fury ya tashi daga ita. A Yuni 2019, a birnin Niyok, Anthony Joshua, ɗan asalin Najeriya mai jiki kamar an sassaƙa, ya haɗu da Andy Ruiz, wanda teɓarsa ta zubo bisa wando har ƴan kallo na dariya. Ruiz ya faɗi sau ɗaya, ya tashi, ya kai Joshua ƙasa sau 4, alƙali ya tsayar da wasa a turmi na 7. Shi kansa Tyson tsawonsa mita 1,78 ne. Yana da shekara 20 ya karɓe kambi daga Trevor Berbick a Nuwamba 1986, a 1988 kuma ya gama da Michael Spinks cikin sakan 91. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.

Duk tsohon ɗan dambe ya san dalili, ko da bai iya bayyana shi da harshen likita ba. Naushi ba daga damtse yake tasowa ba. Daga ƙasa yake: ƙafa ta dafe, ƙugu ya juya, kafaɗa ta bi, hannu kuwa ɗan aike ne mai isar da saƙo. Mai kilo 120 da bai iya juya ƙugunsa ba turi yake yi, mai kilo 85 da ya tara dukkan jikinsa wuri guda cikin ƙiftawar ido shi ke karya mutum. Sannan akwai wurin sauka. Bugun da ya sami haɓa yana juya kai da sauri, ƙwaƙwalwa ta girgiza cikin ƙoƙonta, ƙafafu su daina jin umarni. Wanda bai ga naushi na zuwa ba bai ɗaure wuyansa ba, shi ya sa bugun da ba a gani ba ya fi kisa. Tsayuwar ɗan dambenmu, garkuwa a gaba tana auna tazara tana rufe ido, mashi can baya yana jiran ƙugu, darasin nan ne aka mayar da shi al'ada.

Ƙidayar kisa ma tana yaudara, domin ƙa'ida ba ɗaya ba ce. A zamanin Dempsey safar hannu ta fi ta yau sirantaka ƙwarai, kuma ba a tilasta wa wanda ya kayar ya koma lungu ba: tsayawa yake a kan Willard, yana ɗagowa ya ƙara masa. Faɗan kambi turmi 15 ne a da, aka mayar da shi 12 cikin shekarun 1980. A wurinmu kuwa taɓa ƙasa kaɗai kisa ne, don haka wanda santsi ya kwashe da wanda aka sumar duk suna ɗaya a bakin maroƙa. Haka nan ƴan damben da sukan ɗaura akayau a ƙafa, kuma sau da yawa a kaka kawai suke fitowa, alhali na gidan Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja sun mayar da dambe sana'ar kowane mako.

Jikin halitta ko jikin wahala?

Hujjar dattawa mafi ƙarfi ita ce ta jiki. Suna cewa mazan jiya da jikin da Allah ya ba su suke dambe, fura da nono da tuwon gero, ba ƙarfen ɗagawa, ba ƙwaya. Littafin Turawa ya ba su goyon baya fiye da yadda suke zato. Sonny Liston, wanda ya gama da Floyd Patterson a turmin farko har sau 2, a 1962 da 1963, a gonar auduga ta jihar Arkansas ya tashi, yana aiki tun yana yaro. Earnie Shavers, mutumin da Ali da Larry Holmes duka suka shaida cewa ba wanda ya taɓa dukansu kamarsa, a gona ya girma, kuma shi da bakinsa ya danganta ƙarfin hannunsa da saran itace da jifan damman ciyawa. Nauyinsa bai kai kilo 100 ba lokacin ganiyarsa. Foreman, da ya dawo fage bayan hutun shekara 10, faskare yana cikin horonsa. A Nuwamba 1994, yana da shekara 45, ana cinsa da maki, ya saki ɗan gajeren dama guda a turmi na 10, Michael Moorer ya kwanta. Gudu ya tafi, numfashi ya ragu, hannu bai tsufa ba. Ya rasu a Maris 2025 da nasara 76, 68 da kisa.

Misali mafi kusa da mu shi ne Francis Ngannou, ɗan garin Batié na Kamaru. Tun yana wajen shekara 10 yake haƙar yashi yana lodi don ya sami kuɗin lakwal. Da ya yi niyyar Turai ta cikin ƙasarmu ya bi, ya ratsa hamada zuwa Aljeriya da Maroko, ya isa Faransa a 2013. A Oktoba 2023, a faɗansa na farko na damben zamani, ya kai Fury ƙasa a turmi na 3, alhali Fury na riƙe da kambin duniya.

A ganina, abin da dattawanmu ke kira jikin halitta rabinsa ne kawai halitta. Faɗin kafaɗa, kaurin ƙashi da tsawon hannu, waɗannan gado ne. Sauran kuwa jikin wahala ne: garma, gatari, jan guga, da kayar da sa a mahauta, tun da dambe sana'ar mahauta ce tun asali. Duk waɗannan ayyuka ƙugu da baya suke ginawa, wato daidai inda naushi ke fitowa. Idan haka ne, ba a gama maza ba a ƙasar Magarya, domin saurayin Yekuwa na bana da hannu yake noma kamar kakansa. Wanda ya rasa wannan gado shi ne ɗan birni da ya tashi bisa babur.

Sai dai ƙarfi shi kaɗai yana da iyaka, kuma labarin Ngannou bai ƙare a Oktoba ba. A Maris 2024 Joshua, wanda ya ci zinariyar Olimpik tun 2012, ya kai shi ƙasa sau 3, ya sumar da shi a turmi na 2. Shavers kuwa, duk da ya shimfiɗe Holmes a turmi na 7 a 1979, Holmes ya tashi ya ci faɗan, kuma har ya bar dambe bai ɗaura kambin duniya ba.

Batun ƙwaya, nan ne dattawa suka fi gaskiya, ko da yake su ma zamaninsu bai rasa layu da tsage-tsagen hannu da ake cusa wa magani ba. Ruiz ma ya sami damar 2019 ne saboda an kama Jarrell Miller, wanda aka fara shirya wa faɗan, da haramtattun magungunan ƙara ƙarfi. A nan kan iyaka ba irin waɗannan ake samu ba, tramol ake samu, a teburin mai shayi da kan kekunan ƴan talla. Tramol ba ya ƙara wa naushi ko giram ɗaya. Zafi yake kashewa, don haka yaron da ya kamata ya ji jikinsa ya ce ya isa sai ya ci gaba da miƙa kai, kuma yawansa na jawo farfaɗiya.

Wannan shi ne abin da gardamar zaure ke mantawa: kowane hannu mai nauyi akwai kan da ya sauka a kai. Bayan faɗan Ali da Shavers na 1977, likitansa Ferdie Pacheco ya roƙe shi ya daina, da ya ƙi sai likitan ya bar tawagar. A 1984 aka tabbatar Ali na da ciwon karkarwa. Wannan mutum ne mai likita nasa na kansa. Ɗan ƙauyen da aka sumar a fagen kaka, ruwa ake yayyafa masa, a kaɗa masa takensa, wani lokaci gobe ya sake naɗe hannu a ƙauye na gaba.

Nijar ta zaɓi kokowa. Tun 1975, da Yakuba Kantu na Maradi ya ɗauki takobin farko a Tawa, hukuma ke shirya gasar, ta gina filaye irin na Langa-Langa a Damagaram, ta tanadi alƙalai da masu jinya, kuma kowa na iya jero sunayen sarakunan kokowa shekara bayan shekara. Dambe an bar shi ga mahauta da masu kalangu, duk da cewa lambar Olimpik ta farko da ƙasar nan ta samu da naushi aka samo ta: tagullar Isaka Dabore a Munik, a 1972, a ajin kilo 63,5. A Najeriya wasu masu shirya dambe don nunawa a intanet sun fara raba ƴan wasa bisa nauyi, suna kawo likita bakin fage. A ƙauyukanmu ba a buƙatar kamfani kafin a fara. Sarkin fawa da mai gari na da ikon hana haɗa mai kilo 60 da mai kilo 90, da ikon hana wanda ya suma sake fita a wannan kakar. Malamin lakwal na iya riƙe littafi: suna, gari, kilo, turmi nawa, wa ya kashe wa. Sikelin da ƴan kasuwa ke auna buhun riɗi da shi a kasuwar Magarya yana ɗaukar kilo 100, kuma ranar dambe ba ya aikin komai da yamma.